Wai Korona ba ta taɓa mu ba?

Har yanzu nakan ji ana faɗa a majalisar hira a Birnin Kebbi cewa Korona cutar Turawa da masu kuɗi ce, mu nan labarinta kawai muka ji. Masu wannan magana suna da hujjarsu: ba mu ga gawarwaki kamar yadda aka gani a Italiya ko Amurka ba, alhamdulillahi.

Sai dai ba a auna ɓarnar annoba da yawan mamata kaɗai. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, aka shafe watanni ba karatu. Ɗauki matar da ke sayar da ɗanwake a bakin wata firamare. Ko tari ba ta yi ba, amma ranar da ɗalibai suka daina zuwa, ranar cinikinta ya tsaya. Jarin aka cinye, zubin adashi ya gagara, ga yara a gida, ga tunanin da ke hana barci. A lissafin asibiti kuwa lafiyarta ƙalau.

An kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi, direbobi suka ajiye motoci. Maniyyatanmu ma, wasunsu tsofaffi da suka daɗe suna tara kuɗin kujera, ba su samu zuwa Hajjin 2020 da na 2021 ba.