Godiya ba ta masu sabuwar mota kaɗai ba ce

'Yan'uwana cikin Almasihu, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke ba da shaida a majami'unmu na Kano. In mai jagorar sujada ya ce wa ke da shaida, kusan ka san abin da za ka ji: wane ya sayi mota, wance ta sami biza, an ƙara wa wani girma a wurin aiki. Duk alheri ne, kuma ina taya su murna har zuciya. Amma can a bencin baya akwai gwauruwar da take tashi da asuba ta soya ƙosai, ta sayar, ta ciyar da marayunta, mako ya zagayo ba wanda ya kwana da yunwa. Ba ta taɓa miƙewa ba. Mu ne muka koya mata cewa abin da Allah ya yi mata bai kai a faɗa a gaban jama'a ba.

Wannan ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce. Da Yesu ya koya wa almajiransa addu'a, abincin yini ya ce a roƙa, ba buhun shekara ba. Isra'ilawa sun yi shekara 40 a jeji suna cin manna, kuma a Fitowa 16 an umarce su kowa ya tsinci abin da zai ishe shi ranar nan kawai. Waɗanda suka ɓoye saura sun wayi gari ya yi tsutsa yana wari. Na daɗe ina tunanin wannan. Allah yana da ikon zuba musu na wata guda a tashi ɗaya, amma ya zaɓi su fito kowace safiya su sunkuya su ɗiba, don kada su manta hannun da yake ba su. Mudun garin da kika auno yau a kasuwar Sabon Gari, shi ne naki mannar, Mama. Abin tsayawa ne a gode.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a rufe baki a kan wahala. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ke hawa adaidaita sahu daga Bata zuwa Kabuga kullum ya san abin da aljihunsa ya gani. Kuma mu a garin nan mun sha abin da ya fi tsadar rayuwa ɗaci. Ba mu manta da waɗanda aka kashe suna tsakiyar sujada a Jami'ar Bayero a 2012 ba, ko na tashar mota ta Sabon Gari a 2013. Duk wanda zai ce wa iyalansu su yi murmushi kawai bai karanta Zabura ba, domin cike take da kuka da tambayar har yaushe. Sai dai Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa su yi farin ciki cikin Ubangiji, ya ce ya koyi zama da wadar zuci, a ƙoshe ko cikin yunwa. Koya ya yi, ba da ita aka haife shi ba. Ga Tasalonikawa kuwa cewa ya yi a gode cikin kowane hali. Habakuk ma ya lissafa ɓauren da bai yi toho ba, da gonar da ba ta ba da amfani ba, da garken da ya watse, ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya bai ɓoye ba, sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah.

In kana so ka ga wannan da idonka, je ka zauna inda Zumuntar Mata ke koyon waƙa da yamma. An ɗauke wuta, zafin bazara na dukan kwano, wata da goyo, wata ta zo kai tsaye daga rumfarta ƙafa duk ƙura. Sai mai tulu ta fara bugawa, mai kacau-kacau ta karɓa, murya ta tashi. Na san wasu cikinsu da bashin kuɗin makaranta a wuyansu. Ba mantawa suka yi ba, gobe yana nan yana jiransu. Amma sun ƙi barin bashin ya cinye musu har yinin da Ubangiji ya ba su, kuma a ganina bangaskiyar da ke wurin ta fi ta wa'azi da yawa da na ji.

Saboda haka ina roƙon fastocinmu da dattawan ikilisiya, cikin girmamawa: ku buɗe lokacin shaida ga ƙananan abubuwa. Ku kira tsohon da ciwon ƙafa ya bar shi ya tako zuwa sujada, da yarinyar da zazzaɓinta ya sauka. Cikin kutare 10 da Yesu ya warkar a Luka 17, ɗaya ne ya dawo ya gode, shi ma Basamariye, wanda ba a ɗauke shi a bakin komai ba, kuma Yesu ya tambayi ina sauran taran.

Sannan mu tuna ta hannun mutane alherin yake zuwa, yaba kyauta kuwa tukwici. Maƙwabciyarmu Musulma tana aiko mana da naman layya kowace Babbar Sallah, mu ma in Kirsimeti ta zo kwanon shinkafarta daban yake. Mai ruwan unguwarmu yana turo kura cike da jarkoki cikin rana tsaka, gumi har gwiwa, don tukunyarmu ta hau wuta. Gobe in ya tsaya a ƙofarka, ka biya shi cikakke ba tare da jayayya a kan naira 50 ba, ka tambaye shi iyali, ka ba shi wuri a inuwa ya huta kafin ya wuce gida na gaba.