Sai tela ya sayar da kekensa sannan mu tuna da zumunci?

Tun daren jiya raina a ɓace yake, kuma ba zan iya yin shiru ba. Kun ga sanarwar neman taimako da aka liƙa saboda matar wani tela da ke asibiti tana buƙatar tiyatar haihuwa, da yawanku kun tura abin da ya sawwaƙa, Allah ya saka da alheri. An yi tiyata, an ciro jaririya, uwa da 'ya suna cikin ƙoshin lafiya, alhamdu lillahi. Amma abin da ba a rubuta a ƙarƙashin hoton ba shi ne, kafin kuɗinmu su taru bawan Allahn nan ya riga ya sayar da keken ɗinkinsa da injin surfaninsa. Abin da yake ci da iyalinsa da shi ke nan. Ya kuma sayar a wulaƙance, don mai saye ya ga idonsa ya yi ja, ya san ba shi da lokacin ciniki. Yanzu ga jaririya, ga suna na tafe, ga shago babu keke. Sai kuma na ga ana ta yabon kai, wai mu 'yan Kaduna akwai zumunci. Wane irin zumunci ne wannan da ba ya motsawa sai mutum ya tsiyace?

Maganata ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji: kuɗin da muke tarawa bayan ciwo ya kwantar da mutum, a tara su kafin ya kwanta. Kuma waɗanda ya kamata su tara su ne ƙungiyoyin sana'a. Telan nan ɗan ƙungiya ne. Yana da katin ƙungiya, yana biyan kuɗin wata, yana zuwa taro. Ranar da matarsa ke kan gadon asibiti ana neman kuɗin aiki, me katin ya yi masa?

Ku duba ma'aikacin gwamnatin tarayya. Tun 2005 da aka ƙaddamar da inshorar lafiya ta ƙasa, a zamanin Obasanjo, shi da matarsa da 'ya'yansa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 suna da kati. Ya je asibiti, ya ga likita, a tagar magani ya biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin, ya kama hanyar gida. Shin ya fi tela hankali ne? Ya fi makanikin Panteka sanin darajar lafiya? Wallahi ko kusa. Bambancinsu kawai shi ne shi yana da wanda ke biya a madadinsa, ba sai ya zauna ya yi shawara da aljihunsa ba. Mai sana'ar hannu kuwa ba shi da albashi, ba shi da ofishin da zai cire masa wani abu. Yau ya samu, gobe ya wuni a zaune. Abin da ya shigo da rana, kafin isha ya zama cefane. Ka ce wa irin wannan mutumin ya kawo kuɗin shekara a dunƙule, to ka ce masa kada ya shiga ke nan.

A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya. Madalla. To amma wa zai bi mai faskare, da mai wankin hula, da mai gyaran waya, ya karɓa? Doka ba ta da ƙafar shiga Kasuwar Barci. Sakataren ƙungiya kuwa yana da ita. Kowa ya san shi, da ɗan littafinsa da biro maƙale a kunne, yana bi rumfa-rumfa yana karɓar kuɗin mai gadi da na shara. A tashar Kawo ba motar da ke tashi ba a yanki tikiti ba. Masu Keke Napep kullum safiya sai sun biya nasu. Ashe hanyar karɓa tana nan, ta daɗe tana aiki, ba ta fashi ko ranar ruwa. Ƙara layi ɗaya a littafin nan, a rubuta "lafiya", shi ne ya gagara?

Kuma ba wani sabon abu za a ƙirƙiro ba. Jihar Kaduna tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, wadda aka yi dokarta a 2018, kuma tana da ɓangaren waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. Da aka fara, kuɗin mutum ɗaya a shekara naira 10,650 ne. Ku raba da kwanakin shekara, bai kai naira 30 a rana ba. Na san komai ya tashi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, don haka ku je ofishinsu ku ji farashin yau. Amma ko a ce ya ninka har sau uku, bai kai naira 100 a rana ba. Ga kuma shirin tarayya mai suna GIFSHIP da aka fito da shi a 2020, wanda aka tsara domin mai zaman kansa da iyali da kuma rukunin mutum goma zuwa sama. Rukuni fa. Wato ita kanta hukumar ta buɗe ƙofa ta ce ku zo a ƙungiyance. Layin teloli ɗaya a Tudun Wada ya fi mutum goma.

Na san abin da za a ce. Za a ce Malam ba ka san talauci ba, mutane da ƙyar suke cin sau biyu. Na sani. Ina zaune a cikin mutanen nan, ba daga sama na faɗo ba. Amma ku gaya mini, talaucin ya hana a biya kuɗin asibiti? Ba ya hanawa. Ana biya, sai dai ta hanya mafi muni: a sayar da akuya, a jinginar da fili, a ci bashin da za a shekara ana ɓuya, a cire yaro daga makaranta. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya da danginsu suke fitowa kai tsaye. Talaka ne ya fi kowa biya, kuma a ranar da ya fi kowa rauni yake biya. Don haka kada a kawo mini talauci a matsayin hujja, shi ne ma babban dalilin da ya sa nake wannan magana.

Wani kuma zai ce, to idan shekara ta ƙare ban yi ciwo ba, kuɗina sun tafi a banza? Ɗan'uwa, ka gode wa Allah da ya ba ka lafiya, kuɗinka kuma sun yi wa matar maƙwabcinka tiyata. Ba jiya ka tura dubu biyu cikin asusun da aka liƙa ba? An mayar maka? Wannan ka kira shi sadaka, wancan ka kira shi asara, alhali na biyun ya fi, don yana isa kafin a sayar da keke, kuma babu wanda za a baza hotonsa a duniya.

Masu cewa haramun ne, ko rashin tawakkali ne, ina girmama ku, amma ku bambance kamfanin da ke neman riba da asusun da jama'a ke zubawa don su agaji juna. Hadisin Ash'ariyawa yana cikin Bukhari da Muslim: idan guzurinsu ya yi ƙaranci sai su tattara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su a kan haka. A kan wannan tushe na taimakon juna aka gina takaful, wanda yanzu akwai kamfanoninsa masu lasisi a Najeriya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya je ya tambayi malaminsa, ya yi masa bayanin tsarin yadda yake. Amma kada ya zauna ya yanke wa matarsa mai ciki hukunci da abin da ya ji a majalisa.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na masu cewa mai kati wulaƙanci yake sha. Ka miƙa takarda a tagar magani, a duba ta sama da ƙasa, a ce wannan babu, je ka saya a waje. Yana faruwa, ba zan musa ba. Har da dalilinsa: a baya an yi shekaru da dama naira 750 kacal ake ba asibiti a wata a kan kowane mai katin tarayya, farashin magani kuwa yana ta hawa. Amma a nan ma amsar ita ce dai ƙungiya. Kai kaɗai idan aka ce maka babu, sai ka haɗiye ka fita. Shugaban da ke riƙe da rajistar mutum ɗari uku kuwa, idan ya shiga ofishin shugaban asibiti ya ce ko a gyara ko mu kwashe mutanenmu mu koma wani wuri, za a ba shi kujera a saurare shi, don kuɗin asibitin a kan yawan kawunan da suka zaɓe shi yake.

Ba kuma kowa ne a ma'auni ɗaya ba, na san da wannan. Alhajin da ke da shaguna uku a Kasuwar Sheikh Gumi, ko ɗan kwangila, ko yarinyar da ke aiki ta intanet ana biyanta da dala, su suna da halin sayen tsarin kamfanoni masu zaman kansu irin su Hygeia da AXA Mansard da Reliance, su ga likita a asibitin kuɗi ba layi. Su saya, amma su sa a karanta musu takardar tun daga farko har ƙarshe: nawa ne iyakar abin da za a kashe a shekara, haihuwa na ciki ko babu, ciwon da mutum ya shigo da shi kamar suga da hawan jini yaya matsayinsa, wankin ƙoda fa. Abin da ya fi damuna da Alhaji shi ne yaran shagonsa. Yaro ya shekara bakwai yana buɗe maka shago tun sanyin safiya, ranar da ya kwanta sai ka miƙa masa dubu biyar ka ce Allah ya sawwaƙe. Kuɗin rajistar yaran nan gaba ɗaya bai kai abin da kake kashewa a walima ɗaya ba. Ka yi musu. Sadaka ce da za ta shekara tana aiki.

Can ƙasa kuma akwai waɗanda ko naira 50 a rana nauyi ce gare su: mai ga-ruwa, ɗan dako, bazawarar da ke suyar ƙosai a ƙofar gida da marayu biyar. Su ma ba a bar su haka ba a takarda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma daga cikinsa ake yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta. Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma an tsara kowace ta samu asibitinta na matakin farko. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali a asibitocin da aka zaɓa. Telanmu bai taɓa jin wannan labari ba. Wa ya kamata ya gaya masa? Wa ya kamata ya riƙe jerin sunayen 'yan ƙungiya marasa ƙarfi, ya kai wa kwamitin mazaɓa, ya yi ta sintiri har sai an sa su? Shugabannin da ke sanya babbar riga su je gaisuwar 'yan siyasa da sunanmu, ai wannan ne aikinsu.

Don Allah kuma a sani, ba ranar da naƙuda ta tashi ake yin rajista ba. Akwai kwanakin jira kafin kati ya fara aiki, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mata biyu ko uku, da 'ya'ya sun haura goma, ya tambaya da kyau, don tsarin iyali yawanci mace ɗaya da 'ya'ya ƙalilan yake ɗauka, sauran sai an biya musu kai-kai. Kada a yi wa ɗaki ɗaya a bar ɗaya, a jawo wata fitinar a gida.

Ina roƙon duk wanda ke cikin wata ƙungiya, ta teloli ce, ta kafintoci, ta masu POS, ta mata masu adashi, a taro na gaba ka ɗaga hannu ka yi tambaya ɗaya: nawa muke tarawa a wata, kuma nawa ne a ciki na lafiyarmu? Idan aka ce a bar maganar sai wani zama, ka sake ɗagawa a wancan zaman. Shi kuma telan nan, waɗanda suka san shi su taimaka a mayar masa da keke, ko na hannu ne, kafin ɗinkin salla ya wuce shi.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuma, tunda an taɓo maganar lafiya, shi ne masu tallan magani da lasifika a bakin tasha da kasuwanni. Jarka ɗaya wai tana maganin basir da taifot da sanyi da ciwon ƙoda, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, ga kalaman batsa ana yi a gaban yara 'yan makaranta. Mutumin da zai ce maka ba shi da kuɗin awon jini, shi ne zai tsaya ya sayi gora biyu. Masu unguwanni da shugabannin tasha suna ji suna gani. Wa ke ba mutanen nan wurin ajiye mota, kuma nawa suke biya a rana?