Na kai rahoton matattun tsuntsaye, aka ce in kawo kuɗin mai

Ranar Talata da sassafe na sauka fadama duba gonata, sai na tarar da kirinjijiya tara a mace bakin ruwa. Babu harbi, babu tarko, wasu wuyansu a murɗe. Yara har sun ɗauki biyu za su kai gida a fige, sai da na daka musu tsawa suka yar.

Shekara nawa ake faɗa mana a rediyo cewa in mun ga haka kada mu taɓa, mu sanar da hukuma? Ga shi ina da kaji ɗari biyu masu ƙwai, su ne abincin iyalina. Na hau babur na nufi ofishin likitocin dabbobi.

Na yi sallama sau biyu. Mutumin yana danna waya, ko kai bai ɗago ba.

"Ranka ya daɗe, tsuntsaye na gani sun mutu a fadama."

"Kajinka ne?"

"A'a, na daji ne."

Sai a sannan ya dube ni, daga hula har takalmi. "Malam, yanzu tsuntsun daji ne ya taso ka tun daga ƙauye? Gadonsu za ka ci?" Na kusa da shi ya fashe da dariya.

Na haɗiye. Na ce ina tsoron murar tsuntsaye ce, a je a ɗauki samfur a aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato a gwada. Ya ce mota ba mai, safar hannu ma babu, amma in zan ba da kuɗin mai a duba. Ko kuma in zuba su a buhu in kawo. In kwaso da hannuna, in shiga wurin kajina da hannun nan! Wannan shawarar ma'aikacin lafiyar dabbobi ke nan. Ko sunan ƙauyenmu bai rubuta ba.

Wallahi abin ya ci min rai. A 2006 cutar nan, nau'in da ake kira H5N1, ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, aka yi ta kashe kaji ana binnewa. A 2015 ta dawo ta yi ɓarna a Kano. Duk hunturu tsuntsaye na tasowa daga Turai su sauka a fadamun Hadeja da Nguru, su sha ruwa ɗaya da agwaginmu. Gwamnati ta san da haka sarai. Amma kuɗin taro a otal bai taɓa yankewa ba, sai na safar hannu. Sai cuta ta shiga gonar wani babba za ka ga motoci da fararen kaya, a karkashe na talaka, a bar shi yana bin diyya har ya gaji.

Da yamma na koma da shebur in binne su. Shida na samu. Karnuka sun ja ɗaya, biyu kuwa an ce an gan su a hannun yara.