Furen sakura ba ya jiran mai tikiti

Da zarar watan Maris ya raba, sai shafukan sada zumunta su cika da hotunan Japan: bishiyoyin ceri sun yi lulluɓi da furen da ake kira sakura, kowa ya ɗaga waya sama. Sai ka ga wani ya rubuta, "Baɗi da ni in sha Allahu." Allah ya nufa. Amma wanda ya yanki tikitin Tokyo tun watan Disamba, ya ware kwana huɗu, yana sa ran furen zai tsaya masa, ni dai a ganina caca ya yi da kuɗinsa.

Yawancin bishiyoyin da ke cikin hotunan nan nau'i ɗaya ne, Somei Yoshino, kuma ba ƙwallo ake shukawa ba, reshe ake ɗaurawa kamar mangwaron aure. Shi ya sa a gari ɗaya kusan tare suke buɗewa, tare kuma suke zuba. Kusan mako guda su cika, wani makon su kakkaɓe, in kuwa aka yi ruwa da iska ko hakan ba sa kaiwa. A Tokyo akwai wata bishiya a harabar wurin bauta na Yasukuni da ma'aikatan hukumar yanayi ke zuwa su ƙirga furenta, ga 'yan jarida a tsaye. Sai sun ga biyar ko shida sun buɗe sannan a sanar cewa lokaci ya yi. Ranar kuma tana ta matsowa saboda ɗumamar yanayi: a 2021 furen Kyoto ya cika ranar 26 ga Maris, abin da kafin nan ba a taɓa gani ba a bayanan fiye da shekara 1,200.

To ko ka dace da ranar, in hoto kawai ka ɗauka ka wuce, ba ka ga komai ba. Al'adar da suke kira hanami zama ce. A shimfiɗa shuɗin tamfal a gindin bishiya, a cire takalma a gefe, a buɗe ƙunshin abinci, a yini ana hira. A Afrilu ake buɗe makarantu, a lokacin kuma ake ɗaukar sababbin ma'aikata, har akan tura sabon shiga tun da sassafe ya je lambun Ueno ya kama wa manya wuri. Gaskiya ana shan giya sosai a wurin, kuma har a miya suna zuba ta, don haka Musulmi ya yi tambaya kafin ya kai loma.

Shawarata, a bar wa masu turereniya Kyoto. Furen daga kudu yake farawa yana hawa arewa, ba ya isa garin Hirosaki da ke arewacin ƙasar sai ƙarshen Afrilu. Can akwai bishiya kusan 2,600 kewaye da tsohuwar fada. Wanda ya makara a Hirosaki sai ya hau jirgin ƙasa ya bi furen har tsibirin Hokkaido da ke can arewa. Don Allah kuma kada a girgiza reshe don bidiyo ya yi kyau, kallon da za su yi maka kaɗai ya ishe ka.