Wannan shuɗin da kuke gani ba launin DNA ba ne

Jama'a, kwana biyu ana ta yaɗa hotunan cikin ƙwayar halitta masu shuɗi da ja, waɗanda aka ɗauka da hasken eksire, ana rubutawa a ƙasa wai "ga DNA ƙuru-ƙuru". Hotunan sun yi kyau, ban musa ba, amma akwai gyara.

Hasken eksire, wanda muka sani wajen hoton ƙashi a asibiti, babu ruwansa da launi. Wanda ake haska ƙwayar halitta da shi ma mai rauni ne, tsawon zangonsa tsakanin nanomita 2.3 da 4.4 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). A wannan tsakanin yana ratsa ruwa cikin sauƙi, amma kabon na shanye shi, kuma tun 1952 Bajamushe Hans Wolter ya hango amfanin hakan. Da yake ruwa ne mafi yawan ƙwayar, sai a daskarar da ita farat ɗaya, a riƙa juya ta ana ɗauka, kwamfuta ta harhaɗa. Inda DNA ya cunkushe sai wurin ya yi duhu, don akwai kabon a cikinsa. Ba rini, ba yanka. Haka ake yi a Berkeley ta Amurka da Berlin ta Jamus. Launin kuwa daga baya mai bincike ya shafa, kamar yadda ake shafa wa taswira.

Rashin rini da yankan nan shi ya sa hanyar ta kwanta min. DNA ɗin mutum ya kai wajen mita 2, an naɗe shi a cibiyar ƙwayar da ido ba ya gani. In ka yanka ko ka busar, ta yaya za ka rantse naɗin bai goce ba?

Sai dai duhu kaɗai ba shaida ba ne, don furotin ma kabon ne. Wasu na bin sawun sinadarin fosforas, tunda DNA cike yake da shi. To RNA fa, ɗan'uwan DNA da ke cikin ƙwayar? Shi ma yana da shi, haka kitsen fatar ƙwayar. Wanda ya nuna maka taswirar fosforas ya ce zallar DNA ce, ya yi maka ƙari. Aikin da ya fi burge ni shi ne na 1996 a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka, inda aka riƙa sauya ƙarfin hasken kaɗan-kaɗan har aka bambance DNA da furotin a kan ƙwayar maniyyi, don kowanne da yadda yake shan hasken.

Abin da ke min ciwo, galibi sai da sinkirotiron, wata katafariyar na'ura mai fitar da eksire mai ƙarfi, ake samun irin wannan haske. An buɗe ɗaya a Jodan a 2017. Duk faɗin Afirka har yau babu ko ɗaya.