Da Gwamna Zai Bincike Mu Yau, Me Zai Tarar?

Ƙannena matasan ikilisiya, maza da mata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Sannunku da hidima.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zaman da muka yi kwanan baya na shirin fita bishara. Awa biyu cur muka kwashe muna ja-in-ja a kan launin anko, da hayar lasifika, da wanda zai sayo man janareta, da mawaƙan da za su fara hawa. Ban cire kaina ba, har da ni aka yi ta ɗaga murya. Da na koma gida barci ya ƙi zuwa, domin na tuna a duk zaman nan ba wanda ya tambayi irin kallon da mutanen unguwar da za mu je suke yi mana, alhali da yawanmu a can muke saye da sayarwa kullum. Sun riga sun san mu. Halinmu ya riga lasifikarmu isa wurinsu.

Bari in ba ku labarin wani gwamna. Wajen shekara ta 112, a zamanin Sarkin Roma Tarajan, wani mai suna Filini yana riƙe da lardin Bitiniya da Fantas, a arewacin Turkiyya ta yau. Aka yi ta kawo masa ƙarar Kirista, shi kuwa bai taɓa zama a irin wannan shari'a ba, sai ya rubuta wa sarki wasiƙa yana neman shawara. Wasiƙar tana nan har yau. Ku sani ba masoyinmu ba ne. Da kansa ya faɗa cewa duk wanda ya tambaya sau uku, mutumin ya kafe a kan shi Kirista ne, yakan sa a tafi da shi a kashe. Har wasu bayi mata biyu masu hidima a ikilisiya ya sa aka gana wa azaba don ya ji asirin abin. To, me ya tono? Waɗanda tsoro ya sa suka yi musun Almasihu a gabansa ma, abin da suka iya faɗa ke nan: akwai ranar da sukan taru tun gari bai waye ba, su rera waƙa ga Almasihu kamar yadda ake yi wa Allah, sa'an nan su ɗaure kansu da alkawari cewa ba sata, ba fashi, ba zina, ba saɓa magana, in kuma an ba su ajiya mai ita ya zo nema, ba za su musa ba. Daga nan su watse, in an jima su sake haɗuwa su ci abinci tare, abinci irin na kowa.

Maganar ajiyar nan ita ta fi tsaya mini a rai. Mutanen da ake farauta, waɗanda fitowarsu sujada da asuba kan iya zama ajalinsu, sai ga shi a tsakiyar sujadar suna yi wa juna alkawari a kan kuɗin maƙwabci. A wurinsu waƙar yabo da riƙon amana tafiyarsu ɗaya. Gwamnan nan kuwa ya yi kuka cewa abin ya bazu daga birane har ƙauyuka da karkara, ya ce an kai lokacin da ɗakunan gumaka suka kusa zama kango, naman hadaya kuma da ƙyar yake samun mai saye.

Yanzu mu dubi kanmu. Kai tela, ka karɓi yadin Kirsimeti na mutum goma sha biyar, ka san bakwai kawai za ka iya gamawa, sauran sai “gobe ka dawo” har bikin ya wuce. Kai mai gyaran waya, batirin da ka ce sabo ne, ka san daga ina ka ciro shi. Ke uwar adashi, kwasa ta zo kan wata, kin kashe wayarki. Kai da ka ranci kuɗi a hannun abokin kasuwarka Musulmi, ya ba ka don ya ga kullum Littafi Mai Tsarki yana kan teburinka, yau wata takwas in ka hango shi sai ka sauya hanya. Da wane baki za ka riƙe makirfo a ƙofar shagonsa ranar Asabar? Ba na faɗa don in kunyata kowa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma wanda ake bi bashi a unguwar nan, ya fara zuwa ya biya, ko ya nemi afuwa ya sa rana ya kuma cika, kafin ya ɗinka anko.

Kada ku zaci mutanen farko mala'iku ne. Hananiya da Safiratu a cikinsu suka fito, ikilisiyar Koranti kuma ta sha faɗa a hannun Bulus. Bambancinsu da mu shi ne yadda suke yi in ɓaraka ta taso. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikilisiyar Urushalima tana ƙaruwa, sai gunaguni ya tashi: Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Wannan fa rigimar harshe ce, ta 'yan gida da baƙi, irin wadda muka sani sarai. Manzanni sha biyu ba su ce wa masu ƙorafi su rufe baki don kada a ɓata sunan ikilisiya ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓo mutum bakwai waɗanda ake yi wa kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Ku karanta sunayen da kyau, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, wanda ba ma haifaffen Bayahude ba ne: dukansu sunayen Helenanci ne. Shi ya sa masana da dama suke ganin daga ɓangaren da aka ɓata wa rai aka zaɓo su, aka danƙa musu makullin rumbu. Aya ta 7 ta ce Maganar Allah ta yi ta haɓaka, har firistoci da yawa suka ba da gaskiya.

Mu fa? Zaɓen shugaban matasa ya ƙarato, tun daren jajibiri ake kiran waya, kowa yana ƙirga 'yan yarensa. An tashi sujada, kowace ƙabila ta ja gefe ta juya harshe, wanda ba ya ji ya tsaya yana latsa waya. Bahaushe ko Bafulatani ya ba da gaskiya, wataƙila ya rasa gida da dangi, ya shigo cikinmu, sai mu bi shi da kallon zargi, a shekara ba wanda ya ce masa zo mu ci tuwo. Muna addu'a Allah ya kawo rayuka, waɗanda ya kawo kuma ba mu matsa musu wuri a benci ba.

Wajen shekara ta 250 wata muguwar annoba ta mamaye daular Roma, ta kwashe shekaru tana kisa. Bishop Diyonisiyus na Iskandariya ta Masar ya bar mana labarin yadda mutane suke tura nasu kan titi tun da sauran numfashi, su gudu. Ya ce 'yan'uwa da yawa kuwa suka zauna suna jinya, suna wanke gawa suna binnewa, har cutar ta tafi da su, cikinsu da dattawan ikilisiya da masu hidima. A Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, Bishop Sifiriyan ya tara jama'arsa ya ce kada jinƙan ya tsaya a kan 'yan'uwa kaɗai, a haɗa da waɗanda ba su ba da gaskiya ba. Ku tuna, a daidai lokacin ne Sarki Desiyus ya tilasta wa kowa yin hadaya ga gumaka, aka ɗaure wasu aka kashe wasu. Ciwon bai warke ba aka ce su je su yi jinyar maƙwabtan. A shekara ta 251 ikilisiyar birnin Roma kaɗai tana ɗauke da gwauraye da mabukata fiye da 1,500, alhali hukuma ba ta ma amince da ita ba, sai a 313 aka ba Kirista cikakken 'yancin sujada. Da Sarki Yuliyan ya tashi maido da bautar gumaka, a 362 ya rubuta wa wani babban firistinsa yana cizon yatsa cewa Galilawan nan, haka yake kiranmu, suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka.

Ba sai mun je nesa ba. A ƙasar nan ma, a Babbar Ruga da Yadakunya da Amanawa, wurin wankin gyambon kutare ne mutane da dama suka fara jin sunan Yesu.

Wani zai ce shi ba fasto ba ne, bai je makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Bayan an jejjefe Istifanas, duk aka warwatsu, manzanni ne kaɗai suka rage a Urushalima. Waɗanda suka gudu da 'yan ƙullin kayansu su ne suka yi ta shelar Maganar duk inda suka sauka. Mutanen Kubrus da na Kurane, a Libiya ta yau, da suka fara yi wa Helenawa bishara a Antakiya, ko sunayensu ba a rubuta a wurin ba, a garin nan kuwa aka fara kiran masu bi Kirista. Da yawanku tashin hankali ne ya raba ku da ƙauyukanku, wasu karatu, wasu neman abinci. Na san zafin abin, ban raina shi ba. Amma ɗakin hayar da kake ciki, da garejin da kake koyon aiki, nan ne Antakiyarka. Bulus ma a Koranti ɗinkin tanti ya zauna yi tare da Akila da matarsa, ya kuma yi shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa a garin.

Akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba. Shekarun baya, ina cikin shugabannin matasa a wata ikilisiya, akwai wata tsohuwa gwauruwa da takan zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, da ɗan mafici da littafin waƙoƙi wanda bangonsa ya cire. Muna tsakiyar tara kuɗin sayen kayan kiɗa ta daina zuwa. Lahadi shida, ban lura ba, ba kuma wanda ya lura. Rannan an tashi sujada sai ga wata mata da hijabi tsaye a bakin ƙofa tana jira. Maƙwabciyarta ce. Ashe duk kwanakin nan ita ke dama mata kunu da safe, ita ke wanke mata zane, ɗanta ne ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti. Ta gaishe ni da ladabi ta ce, “Malam, ku ne mutanen Mama? Kullum sai ta tambaye ni ko kun zo tana barci.” Na rasa inda zan sa fuskata. Muka je da yamma, Mama ta riƙe hannuna, ba ta yi mana faɗa ba, sai cewa ta yi mu rera mata waƙa ɗaya.

Don haka ina roƙonku, a zamanmu na ranar Alhamis a jingine maganar anko tukuna. Kowa ya zo da takarda, ya rubuto sunan wanda bai gani a sujada ba wata guda, da gwauruwa ko majinyacin da ke layinsu, Kirista ne ko Musulmi. Ma'aji ya zo da littafin kuɗi mu ga abin da ke ciki. Bayan addu'a mu rabu biyu-biyu, mu fara da gidajen da suke kusa tun rana ba ta faɗi ba.