Taron Nikiya bai zaɓi littattafan Injila ba, a daina jingina masa

Akwai wata magana da ba ta tsufa a muhawarorin addini na ƙasar Hausa. A majalisa za ka ji ta, a bidiyon TikTok za ka ji ta, a ƙarƙashin rubutun Facebook ma tana nan: wai a shekarar 325 Sarkin Rum Kustantin ya tara limaman Kirista a garin Nikiya, aka jibge musu linjiloli rututu, suka zaɓi huɗu suka ƙone sauran. Mai faɗa yakan faɗe ta kamar a gabansa aka yi. Wanda ake faɗa wa kuwa sau tari ba shi da amsa sai ɓacin rai. A ganina lokaci ya yi da za a jingine wannan zance, domin ba shi da tushe, kuma abin da masana tarihi suka tono ya fi shi nauyi a kan kowane ɓangare.

Taron dai an yi shi. Nikiya ita ce garin Iznik na Turkiyya a yau, kuma a 2025 aka cika shekara 1700 da zaman. Abin da ya tara su rigima ce da ta tashi a Iskandariya ta Masar, inda wani limami mai suna Ariyus yake koyar da cewa Almasihu yana da farko, akwai lokacin da babu shi. Bishop ɗin garin, Alekzanda, ya ce atafau ba haka ba ne. Gardama ta bazu a gabashin daular, Kustantin kuma yana son zaman lafiya a mulkinsa, sai ya kira bishop-bishop. A al'adar coci ana cewa 318 ne suka halarta, masana na ganin ba su kai haka ba. Aka tashi da matsayar cewa Ɗa da Uba, wato Almasihu da Allah, zatinsu ɗaya. Bishop biyu daga Libiya, Sekundus da Tiyonas, suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus.

Takardun taron suna nan, ba su ɓace ba: bayanin aƙida, wasiƙa zuwa ga Kiristocin Masar, da dokoki 20. Duk wanda ya karanta dokokin nan zai ga abin da ya dami mutanen. Ta uku ta hana limami zama da mace a gida in ba mahaifiyarsa ko 'yar'uwarsa ko gwaggonsa ko wata da ba za a yi zargi a kanta ba. Ta 15 ta hana bishop barin garinsa ya koma wani. Ta 17 ta ce duk limamin da aka kama yana ba da bashi da ruwa a tuɓe shi. Ta ƙarshe ma kan tsayuwa ce, cewa ranar Lahadi a yi addu'a a tsaye, ba a durƙushe ba. An kuma tattauna ranar bikin Ista. Mutanen da suka samu sukunin rubuta doka kan durƙuso, ya za a yi su zaɓi littattafan addininsu su manta ba su rubuta ko layi ɗaya ba?

Labarin zaɓen littattafai ya fito ne daga wani rubutun Girkanci na ƙarni na 9, fiye da shekara 500 bayan taron, wanda ya ce an ɗora littattafai kusa da bagade aka yi addu'a, na gaskiya suka kasance a sama, na bogi a ƙasa. Marubucin Faransa Voltaire ya ɗauko shi a ƙarni na 18 don ya yi wa coci ba'a. A 2003 kuma littafin ƙagaggen labari na Dan Brown ya sake hura wutar. Isnadin ke nan gaba ɗaya. Mu da muka taso muna jin malamai na tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji, bai kamata irin wannan ta wuce mu ba.

Ba a ce hannun Kustantin fes yake ba. Ya ba da umarnin ƙone rubuce-rubuce, amma na Ariyus ne, ba linjiloli ba. Daga baya ya sa Yusibiyus, bishop na Kaisariya, ya shirya masa kwafi 50 na littattafan addini don coci-cocin sabon birninsa. Kuma sa bakin sarki a harkar aƙida abu ne da ya bar baya da ƙura. Sai dai ko a nan labarin bai tafi yadda ake zato ba: an yi wa Ariyus afuwa daga baya, wanda ya yi wa sarkin baftisma gab da rasuwarsa a 337 mai goyon bayan Ariyus ne, kuma Atanasiyus, bishop na Iskandariya bayan Alekzanda, babban mai kare matsayar Nikiya, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa.

To yaya aka yi littattafan Sabon Alkawari suka zama 27? A hankali, cikin ƙarnuka, da jayayya. Wajen shekarar 144 wani mai suna Markiyon ya fito a Rum da nasa jerin, bisharar Luka da aka rage da wasiƙun Bulus goma, aka kore shi daga coci. Wajen 180 Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa ta yau, ya riga ya rubuta cewa bishara huɗu ce, Matiyu da Markus da Luka da Yahaya. Wannan kusan shekara 145 ke nan kafin taron. Yusibiyus ɗin nan, wanda ya zauna a Nikiya da kansa, ya rubuta a littafinsa na tarihin ikilisiya cewa har a zamaninsa ana saɓani kan wasiƙar Yakubu, da ta Yahuza, da ta Bitrus ta biyu, da Yahaya ta biyu da ta uku. Jeri na farko da ya zo daidai da 27 na yau yana cikin wasiƙar Ista da Atanasiyus ya rubuta a 367. Tarukan Hippo a 393 da Kartaj a 397, duka a arewacin Afirka, suka bi sahu. Duk da haka cocin Siriya ta daɗe tana amfani da 22, cocin Habasha kuma har gobe jerinta ya fi na kowa tsawo.

Hujjar da ta fi ƙarfi ma daga rairayin Masar ta fito. Busasshiyar ƙasar ta adana tsofaffin takardu da aka rubuta kafin a haifi Kustantin: kundin wasiƙun Bulus da masana ke sanyawa wajen shekarar 200, da kwafin Luka da Yahaya na kusan wannan zamani, da wani ɗan guntu na Yahaya sura 18 da ke ajiye a Manchester, wanda bai kai tafin hannu ba. Sarki ba ya iya zama mafarin abin da aka riga aka rubuta tun kafin ya hau mulki.

Amma kada ɗan'uwa Kirista ya yi saurin tafi, don wannan ilimin bai bar kowa ya sha ruwa ba. Kundin Sina'i, tsohon kwafin Baibul da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 4, aka kuma same shi a gidan ibadar Santa Katarina da ke Sina'i, yana ɗauke da littattafai biyu da babu su a Sabon Alkawari na yau: Wasiƙar Barnaba da Makiyayi na Harmas. A cikinsa Markus ya tsaya a 16:8, babu ayoyi 12 na ƙarshe. Labarin matar da aka kama da zina a Yahaya sura 8 shi ma babu. Shafukansa cike suke da gyare-gyaren magatakarda. Masana Kirista ne da kansu suka fi kowa bin diddigin waɗannan, shi ya sa yawancin fassarorin zamani ke da ɗan bayani a ƙasan shafi. Fasto da ke ɓoye wa mabiyansa wannan yana shirya musu faɗuwar gaba ranar da za su ji daga bakin wani.

Sai batun Linjilar Barnaba, wadda wasu masu wa'azi ke ɗagawa a matsayin ta asali da aka ɓoye a Nikiya. Daban take da Wasiƙar Barnaba da na ambata. Tsofaffin kwafinta biyu ne, na Italiyanci da ke Viyana da na Sifaniyanci, kuma babu wanda ya girmi ƙarshen ƙarni na 16. Ta shahara a duniyar Musulmi bayan Rashid Rida ya buga fassarar Larabci a Alƙahira a 1908. Abin da ake tsallakewa shi ne, a cikinta an sa Annabi Isa (AS) yana musun cewa shi ne Almasihu, alhali Alƙur'ani da wannan suna ya kira shi. Musulmi yana da hujjojinsa na aƙida a kan abin da ya raba shi da Kirista, ba ya buƙatar aro daga littafin da ya saɓa wa nasa.

Wani zai ce wannan tarihin Rumawa ne, me ya shafe mu. Ya shafe mu, tunda a Kaduna da Jos da Bauci da Gombe Musulmi da Kirista kasuwa ɗaya suke ci, da Hausa suke gardama, kuma mun ga inda gardamar addini kan kai idan ta ɓaci. Matsalar ita ce kusan babu waɗannan takardu da Hausa, sai abin da mai bidiyo ya ga dama ya tsakuro. Dokokin Nikiya 20 da sashen wasiƙar Atanasiyus da ya lissafa littattafai ba su wuce 'yan shafuka ba. Malaman sassan nazarin addinai na jami'o'inmu, Musulmi da Kirista, za su iya zama tare su fassara su, su sa a intanet kyauta, kamar yadda aka sa hotunan kundin Sina'i tun 2009.